Dan Allah a ba ni shawara: in bar autarmu a sakandaren garinmu ko in dawo da ita Kano?

Ɗan_Kwari ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah ina neman shawarar waɗanda suka san harkar makaranta, musamman malamai da iyaye, don abun nan kwana biyu ya hana ni sukuni.

Ni mutumin wani ƙaramin gari ne a nan jihar Kano, ba zan kama suna ba don kada a ce na zo tonon silili. Tafiyar kusan awa biyu ce daga birni in hanya na da kyau, da damina kuwa sai yadda hali ya yi. Ina zaune a Kano ina 'yar buga-bugata a Kantin Kwari. Autarmu ce ta gama aji uku na ƙaramar sakandare bana, ta rubuta BECE, jarabawar gama ƙaramar sakandare, kuma ta ci, yarinyar nan wallahi Allah ya ba ta kai, tun tana firamare ita ke karanta wa Baba takarda in an aiko masa. Ba ta da wani buri sai ta zama nas ko ungozoma. Abun ya shige ta ne tun daren da matar yayanmu ta sha wuya wajen haihuwa, aka kwaso ta a bayan a-kori-kura zuwa asibitin ƙaramar hukuma saboda na garinmu ba ma'aikaciya mace ko ɗaya, Auta ce ta riƙe mata fitila har aka isa, tun daga ranar ba ta da zance sai wannan.

Toh matsalar ita ce babbar sakandare ɗaya ce tal a garin, ta gwamnati ta jeka-ka-dawo, kuma ni ma ita na yi. Bulo uku ne, ɗaya iska ta yaye kwanon tun damina biyu da suka wuce har yau ba a mayar ba. Ajin kimiyya akwai shi a suna, amma an ce mini mai koyar da fizis ɗan bautar ƙasa ne kuma ya gama ya tafi, kemistiri kuma malamin bayoloji ne ke haɗawa in ya samu sarari. Jarabawar shiga makarantun kimiyya ta wuce mu, ba wanda ya sanar da mu lokacin fom sai da aka gama. Ko da ma ta samu, Baba ya rantse 'yarsa ba za ta yi makarantar kwana ba tun da aka sace 'yan matan makarantar kwana a Jangebe ta jihar Zamfara. Inna kuma ita kaɗai ta rage mata a ɗaki, in an ɗauke ta ba mai ɗebo mata ko ruwa.

Ni ina da ɗaki biyu a Kurna, da mata da yara uku. Maiɗakina ta ce ba komai in kawo ta. Shin in kawo ta ɗin in nema mata makaranta a nan, ko in bar ta can in dinga biyan kuɗin lesin? Wanda ya taɓa shiga irin wannan dan Allah ya faɗa mini gaskiya. Na gode.

MalaminLissafi ya rubuta:

Wa alaikumus salam. Malam Allah ya saka maka da alheri da ka damu da karatun ƙanwarka, da yawa ba sa ma tambaya.

Shekara tara na yi ina koyar da lissafi a irin makarantar da kake faɗa kafin a dawo da ni kusa da gida, don haka bari in gaya maka yadda abun yake daga ciki. Kada kwanon da ya yaye ya ɗauke maka hankali, na ga ajin da aka yi a ƙarƙashin darbejiya yara suka fita da kiredit bakwai, na kuma ga sabon gini fes da fenti ba mai shiga ya koyar. Malami shi ne makarantar. Kuma malamin kimiyya shi ne ya fi wuyar zama a ƙauye, don ba su da yawa, duk wanda ya karanta fizis ko kemistiri sosai makarantun kuɗi na birni na jiransa da lesin na yamma, in an tura shi ƙauye wata uku yana neman hanyar canji. Waɗanda suka zauna ma yawanci ba a garin suke kwana ba, ba gidan malamai, daga birni ko hedikwatar ƙaramar hukuma suke zuwa a babur, toh tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 ka lissafa kuɗin zuwa da dawowa kullum ka cire daga albashin ƙaramin malami ka ga me zai rage. Shi ya sa za ka ga malamai sun raba kwanaki a tsakaninsu, wannan Litinin da Talata, wancan Laraba da Alhamis. Ban ce daidai ba ne, amma haka abun yake kuma ni ma shaida ne.

Ga kuma na ɓangaren yaran. Ranar kasuwar gari rabin aji babu, da damina ta faɗi lokacin shuka da noman farko maza duk suna gona, ga shi kuma daidai lokacin ake rubuta NECO, Yuni zuwa Yuli. Malami sai ya maimaita darasi ɗaya sau uku, a haka shekara za ta ƙare ba a kai rabin manhaja ba, yaro mai ƙoƙari shi ke cutuwa don ana jiran sauran da shi. Shi kuma ɗan bautar ƙasa, Allah ya saka musu suna ƙoƙari, amma shekara ɗaya ce, ka cire sati uku na sansani ka cire hutu, yara na fara sabawa da bakinsa zai haɗa jakarsa, kuma ba tabbas wanda za a turo bayansa fizis ɗin ya karanta.

Ka sani makarantar koyon aikin jinya ba ta karɓar uzuri. Kiredit biyar take so, Turanci, lissafi, fizis, kemistiri da bayoloji, a zama ɗaya ko biyu kawai. Ɗaya ya faɗi shi kenan. Kuma ukun nan kowanne da takardar firaktikal, yarinyar da ba ta taɓa riƙe buret, bututun gilashin awo, ta ɗiga asid ta ga ruwa ya sauya launi ba, ranar jarabawa hannunta rawa zai yi ko ta haddace littafin duka.

Shawarata gani ya kori ji. Ka rufe shago rana ɗaya ka je, kada ka sanar da kowa, kada ya zama ranar kasuwa ko Juma'a. Ka isa ƙarfe takwas ka ƙirga azuzuwan da ke da malami a ciki, ka je ka gaida su Inna ka dawo sha biyu ka sake ƙirgawa. Ka samu ɗan SS2 na ajin kimiyya ka ce ya nuna maka littafinsa na fizis da kemistiri, duba kwanan watan da ke saman shafi, nan za ka ga komai ba sai kowa ya yi maka bayani ba. Sannan ka shiga wajen firinsifal da ladabi ka roƙe shi ya nuna maka sakamakon NECO na shekara uku da suka wuce, yana ofishinsa, ka duba mutum nawa suka haɗa biyar ɗin nan. In zuciyarka ta ce a ɗauke ta toh yanzu ne a SS1, don makin gwajin aji na shekarun baya ana tura shi wa hukumar jarabawa, canjin makaranta a SS3 wahala ce babba, ga kuma kwalifayin da ake yi a SS2 a nan Kano wanda da shi gwamnati ke duba wa za ta biya wa NECO, gara a ce ta zauna wuri ɗaya kafin lokacin.

Ummu_Hanif ta rubuta:

Salam. Yayana ni abun da zan faɗa ba na fizis ba ne, Malam ya gama wannan.

Ni 'yar ƙauye ce kuma irin makarantar nan na yi a Jigawa, yau ina aikin ungozoma shekara bakwai. Farkon NECO ɗina kemistiri da fizis duk ban samu ba. Allah ya taimake ni lokacin ana wani shiri na W4H da Birtaniya ta ɗauki nauyi a Kano da Jigawa da Katsina da Zamfara da Yobe, ana ɗauko 'yan matan karkara a yi musu shekarar share fage su gyara takardunsu su shiga makarantar jinya da sharaɗin su koma garinsu su yi aiki. Ta nan na shiga. A can na fara ganin ɗakin gwaje-gwaje da idona, wallahi ranar da malama ta ɗora fatar albasa a madubin nan mai ƙara girman ƙananan abubuwa ta ce in leƙa sai da na yi hawaye, shekara uku ina zana abun nan a littafi ban san da gaske akwai shi ba. Shirin ya ƙare tuni, shi ya sa ba zan ce maka ka dogara da irinsa ba.

Amma kafin nan sai da aka kai ni gidan kawuna a birni na yi zango biyu, kuma wannan nake so ka ji. Matarsa ba muguwa ba ce ko kaɗan, tana so na, amma gida mai yara ƙanana aiki ba ya ƙarewa, kuma yarinya 'yar shekara sha biyar ba za ta zauna da littafi tana kallon matar gida na wanke-wanke ba, tarbiyyarmu ba ta yarda ba. Asuba in ɗora ruwa in shirya yara in raka su, in isa makaranta an rufe ƙofa, in dawo ga wanki ga goyo, bayan isha'i in buɗe littafi barci ya kwashe ni a kai. Ba wanda ya zalunce ni, amma sakamakona ya fi lalacewa a birni fiye da a ƙauye, da kaina na roƙa a mayar da ni.

Toh kai ɗaki biyu gare ka da yara uku. Maiɗakinka ta ce ba komai, ai dole ta ce haka, wace mace ce za a ce za a kawo ƙanwar miji ta ce a'a a fili? Ku zauna da ita ku yi magana ta gaskiya, a ina yarinyar za ta kwana, wane aiki ne nata wane ne ba nata ba, daga ƙarfe nawa zuwa nawa ba mai aikenta. In ba za ka iya tsare mata wannan ba kada ka ɗauko ta. Kuma kada ka ɗauka duk makarantar gwamnati ta birni aljanna ce, akwai ajin da yara suka haura ɗari suna zaune a ƙasa, in ba ta kimiyya ta musamman ka samu ba wani lokacin gara ajin ƙauye mai mutum talatin da malami ya san sunanta.

Abu ɗaya da maza ba sa dubawa in sun je makaranta, ka leƙa banɗakin mata ka ga ko akwai shi kuma akwai ruwa da ƙofa. A tamu babu, duk wata sai da yawanmu sun yi kwana huɗu biyar a gida, ba mai tambayar dalili. Sannan dan Allah ka tambayi ita Autar. Duk bayaninka na ji ra'ayin Baba da na Inna da na maiɗakinka, nata ban ji ba.

Sarkin_Yaƙi82 ya rubuta:

Malam kada ka wahalar da kanka. Ka bar ta a nan ƙauyen ta yi ta zuwa, in ta kai SS3 ka tara kuɗi ka yi mata rajista a irin santocin nan da ake taimaka wa yara, biyar ɗin duk za su fito. Kowa haka yake yi yanzu.

MalaminLissafi ya rubuta:

Haba ɗan'uwa, ka ji tsoron Allah. Yarinyar da za ta riƙe allura ta karɓi haihuwa kake cewa a saya wa sakamako? Ko ka manta akwai JAMB a gaba, a kwamfuta ake yinta tun 2015, ba mai rubuta maka a allo, ga jarabawar shiga ta makarantar jinyar, ga ta hukumar nas-nas a ƙarshe. Na san yaran da suka shiga da A da B na saye, zangon farko aka sallamo su, kuɗi ya tafi shekara ta tafi, kunya ta hana su komawa gida. Kuma in aka kama santa sakamakon kowa ake riƙewa har da wanda bai ji ba bai gani ba.

TsohonƊalibi ya rubuta:

Assalamu alaikum. Na karanta duka kuma ina girmama Malam da Hajiya ungozoma, amma ni ranka ya daɗe kai zan ɗan yi wa faɗa, ka yi haƙuri.

Ka ce kai ma makarantar ka yi. Toh yaushe rabonka da shiga cikinta? Kwano ya yaye damina biyu, ku nawa ne 'yan garin a Kwari da Singa da Dawanau da ba za ku iya haɗa bandir biyar na kwano ba? Abun da ke kashe makarantun garuruwanmu kenan, duk mai ɗan hali ya kwashe nasa ya kai birni, sai a bar 'ya'yan waɗanda ba su da bakin magana, ranar taron iyaye da malamai mutum bakwai ne za su zo kuma ba mai iya tuhumar kowa. In ka ɗauke Auta ka tsirar da mutum ɗaya, 'yan ajinsu mata ashirin fa, asibitin garinku da ka ce ba mace ko ɗaya daga ina za ta fito?

Ba wai ina magana daga sama ba ne. Tamu ta fi taku lalacewa, shekara huɗu da suka wuce muka buɗe guruf a WhatsApp na tsofaffin ɗalibai, da farko surutu kawai ake da tura hotuna, har wani dattijo a cikinmu ya ce kowa ya ajiye dubu biyu a wata ko ya fita. Mutum sittin da 'yan kai suka tsaya. Ba mu fara da gini ba, yaran garin muka nema waɗanda suka gama digiri da NCE a kimiyya suna zaune ba aiki, muka samu biyu, muna ba su ɗan alawus, kuma da yake 'yan gari ne ba kuɗin mota ba neman canji, in bai zo aji ba uwarsa za ta ji kafin azahar. Muka gyara ɗaki biyu a gidan wani bawan Allah muka ce duk ɗan bautar ƙasar da aka turo kyauta zai zauna, matan gari na aika masa da tuwo, yanzu har roƙo suke a turo su wajenmu. Kayan firaktikal kuma ba wani tsada ne na fitar hankali ba in ba ka ce sai ka gina laburatare ba, akwati ɗaya muka saya muka damƙa wa malamin da muka yarda da shi. Sannan muka ɗauki mai gari da shugaban SBMC, kwamitin al'umma mai kula da makaranta, muka je ofishin ilimi na shiyya har sau huɗu da takarda a hannu, a na huɗun aka ba mu malamin kemistiri. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma ofis ma in sun ga rawani da mutum goma a bakin ƙofa ba kamar firinsifal shi kaɗai ba ne.

Ka tuna makarantun kimiyya na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu da ake alfahari da su, tun 1977 aka kafa su kuma ba a tsakiyar birni ba, yaran karkara da yawa suka shiga suka fito likitoci da injiniyoyi, abun da aka yi kawai an zuba malamai da kayan aiki an kuma sa ido. Ɗan ƙauye ba kai ya rasa ba. Gwamnatin Kano ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a 2024, akwai kuma shirin AGILE na Bankin Duniya da ke gyaran makarantu saboda 'yan mata kuma Kano na ciki, toh ku je ku tambaya ina rabon garinku, in ba ku tambaya ba wa zai tambaya muku?

Tsoron Baba kuwa ban ga laifinsa ba, bayan satar ɗalibai a Ƙanƙara a Disambar 2020 da Jangebe a Fabrairun 2021 inda aka kwashe 'yan mata 279 cikin dare, har nan Kano sai da aka rufe wasu makarantun kwana na gefe, ba uban da zai ji wannan hankalinsa ya kwanta. Wannan ma shi ya ƙara sa dole mu gyara ta jeka-ka-dawo da ke ƙofar gida.

Ummu_Hanif ta rubuta:

Baba TsohonƊalibi maganarka gaskiya ce kuma Allah ya ba ku lada, amma ku shekara huɗu kuka ɗauka, ita kuma shekara uku gare ta kacal, kuma kun san yarinya a ƙauye in ta gama SS3 ba sakamako ba a ba ta damar sake zama, manema ne za su cika zaure. A yi gyaran, amma kada a yi gwaji da ita.

Ɗan_Kwari ya rubuta:

Jama'a na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na bi shawarar Malam na je ranar Talata ban gaya wa kowa ba.

Da safe aji tara ne, biyar da malami. Da na dawo sha biyu saura biyu. Na karɓi littafin wani yaro ɗan maƙwabtanmu da ke SS2, bayoloji cike yake har ya shiga na biyu, kemistiri shafi goma sha ɗaya, fizis kuwa rubutun ƙarshe tun kafin azumi. Firinsifal ya karɓe ni hannu bibbiyu, dattijo ne, ya ce ni ne mutum na farko bana da ya zo ya tambayi sakamako, ya buɗe durowa ya nuna mini kwafin takardun neman malami da ya rubuta guda shida. Wallahi kunya ta kama ni, shekara sha ɗaya rabona da harabar nan alhali duk sallah ina wucewa ta gabanta. Hajiya banɗakin mata akwai amma ba ƙofa, na riga na yi wa kafinta magana kafin in taho.

Na zauna da Auta a ɗakin Inna na tambaye ta kamar yadda kika ce. Ta daɗe tana wasa da bakin hijabinta sannan ta ce ita ba ta son barin Inna ita kaɗai, amma in zama zai hana ta zama nas gara ta tafi. Inna na jin haka ta juya baya tana share ido.

Abun da muka tsayar da yayanmu shi ne ta fara zangon farko a can. Akwai ɗan limamin unguwarmu da ya karanta fizis a jami'ar Wudil yana zaune yana cajin waya a bakin tasha, na same shi ya yarda zai dinga shiga aji kwana uku a sati, ni da yaya za mu biya shi wata ukun farko, firinsifal ya ce zai sa shi a jadawali. Na kuma kira mutum huɗu 'yan ajinmu da ke nan Kano za mu haɗu ranar Lahadi bayan la'asar. In zango ya ƙare zan sake zuwa in duba littafinta da idona, in ban ga canji ba a Janairu zan kawo ta, kuma na fara zancen da maiɗakina tun yanzu a kan wurin kwana da lokacin karatu, har ta faɗa mini abubuwan da da farko ba ta faɗa ba.

Baba TsohonƊalibi dan Allah ina so in san yadda kuka tsara karɓar kuɗin wata da wanda ke riƙewa, don a garinmu an taɓa yin wata ƙungiya kuɗi ya watsa ta, mutane za su yi ɗari-ɗari. Malam kai kuma in ba damuwa ka rubuto mini kayan firaktikal da suka fi zama dole na SS1 da inda ake samunsu a Kano, in san abun da zan faɗa wa mutanen ranar Lahadi.